Jinin Doki Da Amanar Ciniki: Hukuncin Ɓoyayyen Aibin Da A Ke Gado

 

Duk wanda ya san ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi ya san cewa idan kaka ta yi, aka kai masara da dawa da waken soya kasuwa, aka auna auduga, kuɗi su kan ɗan zauna a hannun mutane. Wani ya yi aure, wani ya biya kujerar Makka, wani ya sayi shanun huɗa. Wani kuwa, wanda Allah Ya jarrabe shi da son dawaki, ba ya samun barci sai ya ga ingarma ɗaure a turke a ƙofar gidansa. Ba mu ga laifinsa ba. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi rantsuwa da dawaki a farkon Suratul Adiyati, Ya kuma ambace su a Suratun Nahli cikin ni'imomin da Ya yi wa bayinSa domin hawa da ado. Ƙasar Katsina kuwa ba baƙuwar doki ba ce. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya ɗaga darajar wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma, wanda ya riƙe ƙasa daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a wannan wasa har ƙasashen ƙetare. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya taɓa ganin mahayan Makama na Bakori, da na Sarkin Maska na Funtuwa, da na Galadima na Malumfashi sun yi jahi a hawan Salla, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To, amma dokin yau ba na jiya ba ne. A da, mai saye ya kan tambayi ko ɗan Azbin ne ko ɗan Barno, ya duba haƙora da kofato da idanu, ya sa a yi kilisa da shi, shi ke nan. Yanzu dawaki na shigowa daga Sudan da Cadi, masu folo na sayo na Ajantina, ana kuma haɗa su baye da na gida domin neman tsawo da gudu. A kasuwa irin ta Maigatari ran Alhamis, ko a zauren wani attajiri a Funtuwa, da zarar dillali ya ce wannan jinin Larabawa ne, sai kuɗi ya tashi. Abin da mu ke so mu jawo hankalin 'yan kasuwa da ma'aikata masu sha'awar kiwo a kansa shi ne, jini ba kyau da gudu kaɗai ya ke ɗaukowa ba. Ya kan ɗauko cuta, cutar kuma ta kan ɓuya a jikin doki lafiyayye, ba ta bayyana sai a jikin ɗansa. Masana sun gano hanyar tono ta tun kafin a yi baye. Wannan sani kuwa ya taɓa hukuncin ciniki, shi ya sa muka kawo maganar wannan fili.

Musulmi bai kamata ya yi mamakin wannan al'amari ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum da ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin damuwa domin matarsa ta haifi yaro wanda launinsa ya saɓa wa nasa. Sai Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu. Ya ce jajaye ne. Ya sake tambayarsa ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya amsa da cewa akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, sai shi da kansa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Nan Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, bai kuma ba shi izinin kore yaron ba. Ba mu ce hadisin ya zo domin koyar da ilmin likita ba, ya zo ne domin kare mutuncin mace da nasabar yaro. Amma ya tabbatar da abin da makiyaya suka sani tun fil azal, watau siffa ta kan tsallake uwa da uba ta fito a jika.

Yadda masana suka bayyana abin shi ne, kowace ƙwayar halitta ta jikin doki tana ɗauke da ƙunshi 64 na bayanan gado, rabi daga ingarma, rabi daga goɗiya. Saboda haka kowane umurni na ginin jiki ya zo biyu-biyu. Idan ɗaya ya lalace ɗaya yana da kyau, a cututtuka da yawa mai kyan ya kan wadatar, dokin ya rayu lafiya lau, ya yi sukuwa, ya ci gasa, alhali kuwa yana ɗauke da lalataccen. Idan aka haɗa shi da goɗiya mai irin wannan ɓoyayyen abu, to, a kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu a haifi duƙushi maras lafiya, kaso biyu a haifi mai ɗauke da abin kamar iyayensa, kaso ɗaya a haifi wanda ya kuɓuta sarai. Mai karatu zai ce ai wannan lissafin amosanin jini ne, wanda a ke kira sikila, na masu AS idan sun auri juna. Haka ne, shi ne ba ragi ba ƙari. Har ma Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, gwajin rukunin jini na ciki. Wanda ya gane wancan ya gane wannan.

Cututtuka biyu na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun fi shahara a zuriyar dawakin Larabawa. Ta farko tana kama ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda aikinta shi ne daidaita tafiya da tsayuwa. A kan haifi duƙushi kamar kowa, ya tashi ya sha nono ya yi tsalle-tsalle. Sai tsakanin mako shida da wata huɗu wasu ƙwayoyin wannan sashe su fara mutuwa, kuma ba su sake tofowa. Sai a ga kansa yana karkarwa, musamman idan ya miƙa baki zai ci abinci. Ya kan tsaya ƙafafu a ware, ya ɗaga ƙafar gaba fiye da kima idan zai taka, ya yi ta tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Idan aka kai hannu kusa da idonsa ba ya ƙiftawa, ko da ya ke yana gani. Abu kaɗan ya firgita shi sai ya yi tabariya ya faɗi ta baya. Wanda abin bai tsananta masa ba ya kan girma, kuma nan haɗarin ya ke, domin doki ne da bai kamata a ɗora masa sirdi ba, balle a sa yaro a kansa a shiga taron Salla. Masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka sun fitar da gwajin farko na wannan cuta a 2008, suka kuma bayyana gurbin da canjin ya ke a 2011. An kuma sami wannan canji a wasu irin dawakin Turai waɗanda aka taɓa gauraya su da jinin Larabawa, watau ba ya tsayawa inda aka haife shi.

Ta biyu ta fi muni. Duƙushin ya kan zo duniya da gashi mai wani launi dusashe, kamar toka-toka mai ratsin shuɗi ko ruwan hoda, ba ya iya tsayuwa ko zama a kan ƙirjinsa, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, ƙafafu suna ta harbin iska. Ba shi da magani, cikin 'yan kwanaki ya ke mutuwa idan ba a hutasshe shi ba. A 2010 masana na Jami'ar Konel suka gano inda ɓarnar ta ke, suka kuma ga cewa kimanin ɗaya cikin goma na dawakin Larabawa zuriyar Masar da suka gwada suna ɗauke da ita a ɓoye. Akwai kuma wata farfaɗiya da ke kama duƙusan wannan zuriya ta Masar a watannin farko, wadda galibi ta kan bar su idan sun shekara ko sun ɗara kaɗan.

Domin a ga irin ɓarnar da ingarma ɗaya ke iya yi, ga labarin wani doki na Amurka mai suna Impressive, wanda aka haifa a 1969. Ƙirarsa ta ƙayatar da mutane ƙwarai, ya ci gasar kyau, kowa na so a kai masa goɗiya, har ya haifi 'ya'ya fiye da 2,000. Sai aka riƙa ganin wasu daga zuriyarsa jikinsu na rawa, ƙarfinsu na ƙarewa, wasu su faɗi su mutu nan take. Wannan cutar tsoka ce, kuma ko daga gefe ɗaya aka gaje ta tana iya bayyana. Sai a 1992 aka gano tushenta aka sami gwajinta, sa'an nan ta riga ta bazu cikin dubban dawaki. Ƙungiyar masu wannan irin dawaki ta tilasta rubuta gargaɗi a takardar asalin zuriyarsa, daga 2007 kuma ta daina rajistar duƙushin da ya gaji cutar daga uwa da uba duka. Waɗanda suka kafa wannan ƙa'ida ba Risala suka karanta ba, asara ce ta koya musu.

Shi gwajin kansa ba wani abin wahala ba ne. Ba a yanka doki, ba lalle ne ma a ɗebi jininsa ba. A kan tsige gashi kamar 20 zuwa 30 daga geza ko wutsiya, tare da saiwarsa, domin bayanin yana cikin saiwar ne, wanda aka yanke da almakashi ba shi da amfani. A sa a ambulan busasshe, a rubuta sunan dokin da launinsa da alamunsa, a aika ɗakin bincike. Akwai irin waɗannan ɗakuna a Amurka da Turai, akwai kuma na Jami'ar Piretoriya a Afirka ta Kudu. Kuɗin gwajin cuta ɗaya bai kai dala 100 ba, sau ɗaya kuma a ke yi a rayuwar doki, domin abin da aka haife shi da shi ba ya sakewa. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta hannun likitan dabbobi, shi ya san ƙa'idar fitar da irin wannan abu daga ƙasa. Mutanen Bakori kuwa ba su da nisa da Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta.

To, ina hukunci?

Asalin maganar sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a babin ciniki na Risala, ya jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta ba, ya kuma bayyana cewa mai sayen da ya tarar da aibi yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wannan ba gardama a kansa.

Inda maganar ta ke da zurfi shi ne, malamanmu na Malikiyya sun ware wani nau'in aibi wanda ba a mayar da kaya saboda shi, watau wanda ba mai iya saninsa, mai saye ko mai sayarwa, sai an fasa abin. Shaihu Halilu ya ba da misali a Muhtasar da ƙwaron da ke cikin katako da ɗacin kokwamba. Dalili kuwa a fili ya ke, mutum ba ya ɓoye abin da bai sani ba. Shekaru hamsin da suka wuce, ingarma mai ɗauke da cutar gado a ɓoye ya yi kama da wannan katako. Mai shi ya rantse da Allah lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa. Amma yau gashi talatin sun isa a ga cikin katakon ba tare da an fasa shi ba. A ganinmu, daga ranar da takardar gwaji ta shiga hannun mai doki, ya fita daga sahun wanda bai sani ba. Idan ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya sayar wa mai neman iri bai ce komai ba, to, ba mu ga bambancinsa da mai jiƙaƙƙen hatsi ba. Cewar da wasu ke yi, na sayar maka yadda ka gan shi, ba ruwana da abin da ya fito, ba ta fisshe shi, domin a mazhabarmu barranta daga aibi ba ta amfanar mai sayarwa a kan abin da ya sani ya ɓoye.

Wani zai ce, ai dokin lafiyayye ne, yaya za a kira shi mai aibi? Tambaya ce mai kyau. An ruwaito cewa sahabi Wasilatu ɗan Asƙa'u, Allah Ya yarda da shi, ya ga an sayar wa wani mutum taguwa mai ƙiba da kyan gani, sai ya bi shi da sauri ya tambaye shi, nama ya ke so da ita ko tafiya? Mutumin ya ce aikin Hajji zai je a kanta. Sai ya shaida masa cewa akwai rauni a tafin ƙafarta. Mai taguwar ya ji haushi ya ce ya ɓata masa ciniki, shi kuwa ya kafa masa hujja da abin da ya ji daga Annabi na wajabcin bayyana aibi ga duk wanda ya san shi. A lura da tambayar Wasilatu. Abin da ba aibi ba ne ga mahauci, aibi ne ga matafiyi. Haka dokinmu. Ma'aikacin da ya sayi doki domin kilisar yamma da hawan Salla, ɓoyayyen gado ba zai cuce shi da komai ba. Amma wanda ya zuba kuɗin masarar shekara guda domin ya sami iri, shi wannan abu ne ya fi shafa, kuma da ya sani da bai biya wannan kuɗi ba. Abin da ke rage kuɗi a idon masu sana'a kuwa shi malamai ke dubawa wajen gane aibi. Tun da mai sayarwa bai san inda dokin zai ƙare ba, faɗa ya fi masa aminci. A lura kuma, a hadisin ba mai kaya kaɗai aka ɗora wa nauyi ba. Dillalin da ya sani ya yi shiru domin kada la'adarsa ta tsere, yana ciki.

Ba mu ce gwaji wajibi ne a kan kowane mai doki ba. Shari'a ba ta kallafa wa talaka ya aika gashi Amurka kafin ya sayar da dokin gida ba, kuma waɗannan cututtuka an san su ne a zuriyar Larabawa da waɗanda suka gauraya da ita. Amma akwai wata dabara da ya kamata a toshe. Mutum ya ga ingarmansa ya haifi duƙushi mai karkarwar kai, bara ma haka, sai ya ƙi yin gwaji da gangan domin ya riƙa cewa bai sani ba. Wannan ya riga ya san wani abu, abin da ya gani da idonsa kuma tilas ya faɗe shi. Mai saye kuwa yana da makami a hannunsa wanda fiƙihu ya ba shi tun tuni, watau sharaɗi. Idan ya ce na saya bisa sharaɗin gwaji ya nuna ba ya ɗauke da kaza, aka rubuta gaban shaidu, sa'an nan aka sami akasin haka, yana da ikon mayarwa, domin rashin abin da aka sharɗanta wanda mai saye ke da bukata a cikinsa dalili ne na warware ciniki. Yanke hukunci a kan shari'a takamaimai kuwa na alƙalai ne.

Sai maganar baye. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Umar hani a kan kuɗin bayen namijin dabba, Tirmizi kuma ya ruwaito daga Anas rangwame a kan tukuicin da aka bayar ba da sharaɗi ba. Malikiyya sun fahimci hanin a kan jingar da aka rataya ga samun ciki, domin wannan garari ne, ba mai iya lamunce shi. Sun halatta a yi ijarar ingarma na kwanaki sanannu ko hawa sananne. To, wanda ya karɓi kuɗi a kan wannan, jini ya ke sayarwa ba wani abu ba, don haka nauyin bayani ya fi yawa a kansa. Goɗiya ta kan yi wata goma sha ɗaya da ciki. A duba harawa da dusa da kanwa da mai ita zai ciyar a wannan tsawon lokaci, daga ƙarshe ya sami duƙushin da ba zai kwana uku ba. Amma adalci ya sa mu faɗa cewa a cututtukan nan biyu laifin jini ba na gefe ɗaya ba ne. Duk duƙushin da ya fito da su, uwa da uba ne suka haɗu suka ba shi. Mai goɗiya ya gwada tasa kafin ya je yana zagin mai ingarma. Balle kuma abin da ya fi wannan muni, a ce maƙwabci ne ya yi baki ko ya yi sammu, a ɓata zumunci na shekaru a kan zato, alhali amsar tana cikin gezar dabbar da ke ɗaure a barga.

Me za a yi da dokin da aka gano yana ɗauke da abin? Turawa da yawa su kan fiɗiye shi. Mu kuwa Risala ta kawo hani a kan fiɗiye dawaki, ko da ya ke ta halatta na tumaki da awaki saboda gyaran nama. Kuma ba a ma bukatar haka. Idan aka haɗa shi da goɗiyar da gwaji ya wanke, ba za a haifi maras lafiya ko ɗaya ba, sai dai kimanin rabin 'ya'yan su ɗauko ɓoyayyen abin, su ma a gwada su kafin a kai su baye. Da haka a ke tsare kyakkyawan iri ba tare da an yada cuta ba. Duƙushin da aka haifa cikin azabar da ba ta da magani kuwa, Muhtasar ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna da ita, domin a hutasshe ta.

Kada kuma mai karatu ya ajiye jaridar nan ya riƙa ganin kowane doki mai tangaɗi gado ya yi. A ƙasar noma irin tamu akwai abin da ya fi gado kusa. Masarar da ruwa ya taɓa a gona, ko aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba, ta kan yi fumfuna mai dafi, doki kuwa ya fi sauran dabbobi rauni a kan wannan dafi. Ya kan narkar da wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, a ga yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kansa a bango, ya makance, ya faɗi, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsintar masarar da aka ga ba ta shiga kasuwa a zuba wa doki, tattali ne mai tsada. Akwai kuma haukan kare, wanda ke kama doki ya kuma kama mai jinyarsa, da ciwon sandarewa da ke shiga ta rauni a kofato, da sammore. Alamar da ke sa a yi zaton gado ita ce abin ya faro tun dabba tana ƙarama, babu zazzaɓi, sauran dawakin barga da ke cin abinci ɗaya suna lafiya, kuma ya maimaita a 'ya'yan uwa da uba ɗaya. Idan manyan dawaki biyu ko uku suka kwanta a mako guda, a fara kwance bakin buhun hatsin da su ke ci, a kira likita kafin a taɓa bakin dabbar da hannu.